Mantuwa ta yi mini yawa tun da al'adata ta fara rikicewa

Maman Fadila, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Shekarata 48, kuma na shafe shekara 22 ina koyarwa a makarantar firamare a nan Zariya. Kimanin shekara ɗaya da rabi ke nan al'adata ta rikice, wani lokaci ta zo sau biyu a wata, wani lokaci ta ɗauke wata uku sannan ta dawo da ƙarfi. Wannan bai dame ni ba, domin na san shekaru sun ja. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne mantuwa. Ni da nake riƙe sunayen ɗalibai 70 cikin mako biyu, yanzu sai in dubi yaron da na san mahaifiyarsa, na san ƙofar gidansu, amma sunansa ya ƙi zuwa bakina. Nakan shiga ɗaki in tsaya ban san abin da ya kawo ni ba. Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na salla, domin da wuya in kai raka'a ta uku ban yi kokwanto ba, har ƙabli da ba'adi sun zame mini abin kullum. Kakata ta rasu cikin gigin tsufa, ba ta ko gane 'ya'yanta. Shin farkon abin ke nan? Wata daga dangin maigida ta ce jifa ce, amma zuciyata ba ta kwanta da wannan ba.

Ungozoma mai ritaya, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika zayyana sanannen abu ne a wajen masu duba lafiyar mata. Yawancin mata al'ada takan ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 a jere ba a gan ta ba. Ke yanzu kina cikin shekarun da ke gabanin haka ne, lokacin da sinadarin estrojin da ƙwayayen mahaifa ke samarwa yake hawa yana sauka ba bisa tsari ba.

Da yawa suna zaton aikin estrojin ya tsaya ga haila da haihuwa, alhali ƙwaƙwalwa ma tana amfani da shi, musamman sashen da ke adana sabon abin da aka koya da kuma sashen gaba mai kula da tattara hankali. Yana taimaka wa ƙwaƙwalwa wajen sarrafa sukarin da take samun ƙarfi da shi. Idan ya fara tangal-tangal, abin da ya fi saurin nunawa shi ne tuna kalmomi da sunaye, wato daidai abin da ke faruwa da ke a aji. Akwai babban binciken da ake kira SWAN a Amurka, wanda ya bi mata fiye da 3,000 shekara da shekaru tun daga 1996. Ya nuna cewa saurin koyon sabon abu yakan ɗan ja baya a wannan tsakani, sannan ya farfaɗo bayan al'adar ta ɗauke gaba ɗaya. A 2021 kuma Dakta Lisa Mosconi da abokan aikinta a New York sun wallafa sakamakon hotunan ƙwaƙwalwar mata, inda aka ga tsarinta da yadda take cin sukari suna canzawa a lokacin, daga baya ta daidaita har wasu sassan su maido da abin da suka rasa.

Game da kakarki, Allah ya jiƙanta, cutar Alzheimer, wato cutar mantuwa mai jawo gigin tsufa, ta fi kama waɗanda suka haura 65, kuma kamanninta daban ne. Ke kin san kin manta, abin yana damun ki, kuma sunan yakan faɗo miki daga baya, wataƙila kina cikin wanke-wanke. Mai waccan cutar sau da yawa iyalinta ne ke fara lura, ita ba ta ma san ta yi tambaya ɗaya sau biyar ba.

Hajiya Babba, Ƙofar Doka:

Ƙanwata, ni shekarata 58, na bi ta wannan hanya na fito. Bayanin ungozoma ya yi, sai dai ina ganin ba ta ba barci haƙƙinsa ba. Shekara uku na yi ina farkawa cikin dare sharkaf da gumi, wani zafi yana taso mini daga ƙirji zuwa fuska, ko da kuwa cikin hunturu ne mutanen gida suna ƙudundune a bargo. A bazara kuwa, idan babu wuta, sai in kwana zaune a tsakar gida. Macen da ba ta samu barcin awa huɗu a haɗe ba, ta tashi da asuba ta haɗa abin kari, ga jikoki, ga surukai, ga hidimar biki da suna, ta yaya za ta tuna inda ta ajiye makullin sito? Na daina shan shayi bayan la'asar, na koma sa tufafin auduga marasa nauyi, na riƙa tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan sallar asuba. Na kuma sayi ƙaramin littafi ina rubuta cefane da kuɗin adashi, duk da dariyar da yara ke yi mini. Yanzu haddata ta dawo, har na ƙara hizifi biyu a Islamiyya. Ita kuwa mai maganar jifa, ki tambaye ta shekarunta, ki ba ta lokaci.

Maman Amira, Sabon Gari:

Anti, na ji ana cewa akwai ƙwayoyin estrojin da ake sha abin ya wuce. Me zai hana ki tambaya a kemis?

Ungozoma mai ritaya, Samaru:

A'a, 'yata, wannan ba maganin da ake saye a kanti ba ne. Gaskiya ne yana rage tasowar zafi da gumin dare sosai, kuma idan barci ya gyaru tunani ma yakan gyaru, amma likitoci ba sa ba da shi don kare ƙwaƙwalwa kawai. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna ƙarin haɗarin cutar mantuwa ga matan da suka fara shan estrojin haɗe da furojestin, wani sinadarin da ake haɗa shi da shi don kare mahaifa, suna da shekara 65 ko fiye. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini, ko shanyewar ɓarin jiki, bai dace da ita ba, kuma macen da ba a cire mata mahaifa ba, ba a ba ta estrojin shi kaɗai.

Malama, akwai abin da na sake lura da shi a tambayarki. Kin ce jinin yana dawowa da ƙarfi, kuma zubar jini mai yawa tana jawo ƙarancin jini, shi kuma yana kawo kasala da rashin tattara hankali. Ki je sashen mata na asibitin koyarwa da ke Shika, ko wani asibitin da ya fi kusa da ke, a auna yawan jininki da sukari da hawan jini, a duba aikin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, a kuma ɗauki hoton mahaifa ko akwai ƙari. Idan kina da ciwon suga kuma kin daɗe a kan maganin suga na metformin, ki faɗa wa likita, domin yana iya rage bitamin B12. Idan kuma baƙin ciki ko fargaba sun zauna miki makonni, shi ma ki faɗa, kada ki ji kunya. Abin da zai sa a hanzarta shi ne ɓata a hanyar da kika saba bi, ko kasa lissafin kuɗin da kika saba yi, ko ganin jini bayan an cika shekara da ɗaukewar al'ada.

Maman Fadila, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Mama, Allah ya saka da alheri. Hajiya, ban ambaci gumin dare ba ne domin ban taɓa haɗa shi da mantuwar ba, na ɗauka zafin gari ne, alhali wata takwas ke nan rabona da barci mai daɗi. Ba ni da ciwon suga, amma ina yawan jin jiri idan na daɗe a tsaye gaban allo. Zan nemi izinin shugabar makaranta in je asibiti ranar Talata in Allah ya yarda, kuma na riga na rubuta jerin gwaje-gwajen a bayan littafin shirin darasi don kada su ma su tsere mini.