Mai sharhin fim a mujalla: yaya aikin yake, kuma yaya ake mayar da rubutunsa littafi?

Ɗan Wunti, Bauchi

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san aikin jarida su warware mini wata magana. Akwai matasa da yawa a nan Bauchi da ke rubuta ra'ayinsu kan finafinan Hausa a Facebook, wasunsu kuwa alƙalaminsu na da kaifi. Me ya raba abin da suke yi da aikin mai sharhin fim na mujalla? Ta ina ake farawa, me ake dubawa a cikin fim, kuma idan mutum ya shekara goma yana rubutu, ta yaya zai tattara shi ya zama littafi?

Malamin Jekadafari, Gombe

Wa alaikumus salam, ƙanina. Abin da ya raba su shi ne ɗorewa da hujja. Mai ra'ayi yana rubutu ranar da fim ya burge shi ko ya ɓata masa rai. Mai sharhi yana da shafi da ke jiransa kowane mako ko kowane wata, dole ya cika shi ko da fim ɗin da ya fito bai motsa shi ba, kuma duk hukuncin da ya yanke sai ya nuna wurin da ya gan shi a cikin fim.

Dubi waɗanda suka yi suna a wannan aiki. Pauline Kael ta riƙe shafin fim na mujallar The New Yorker a Amurka daga 1968 zuwa 1991, kuma yawancin littattafanta sharhin da ta riga ta buga ne aka tattara. Roger Ebert ya fara sharhin fim a jaridar Chicago Sun-Times a 1967, bai ajiye alƙalami ba har ya rasu a 2013, shi ne kuma mai sharhin fim na farko da ya samu kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida a Amurka, a 1975. A Faransa, mujallar Cahiers du Cinéma da André Bazin da abokansa suka kafa a 1951 ta yaye matasa irin su François Truffaut da Jean-Luc Godard, waɗanda suka fara da sharhi kafin su koma ba da umarni. Hanyoyi biyu ke nan: wani ya tsufa a shafinsa, wani shafin ya zame masa makaranta.

A wajenmu, mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu ta fito a Kano a ƙarshen shekarun 1990, a cikinta ne ma sunan Kannywood ya fara bayyana, kafin a ji Nollywood a 2002. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fita a watan Maris na 1999 daga Kaduna. A ganina ƙarfin mujallun namu ya fi karkata ga hira da labaran jarumai, domin su ke sayar da bugu, sharhi mai zurfi kuwa bai samu filin da ya kamace shi ba. Wannan gurbin ne matasan da kake magana za su iya cikewa.

'Yar Azare, Bauchi

Malam ya kawo tarihi, bari in shiga cikin aikin kansa. Fim sau biyu ake kallonsa. Kallon farko ba biro ba takarda, daga farko har ƙarshe ba tsayarwa, domin ka ji abin da ɗan kallo zai ji. Da an gama ka rubuta layi uku: me fim ɗin yake son cewa, ya faɗa ko bai faɗa ba, a ina hankalinka ya fara barinsa. Kallo na biyu shi ne na aiki. Ka raba takarda gida uku, lokaci da abin da ya faru da abin da ka lura, kana rubuta minti da daƙiƙa. Sharhin da ya ce "sautin bai yi kyau ba" ba ya amfanar kowa. Wanda ya ce daga minti 34 zuwa 37 ƙarar janareta ta danne maganar uwar, darakta ba shi da ta cewa, mai karatu kuma zai iya komawa ya duba.

Sauti ne ya fi kayar da finafinanmu, kuma ya kamata mai sharhi ya san dalilin kowace matsala. Idan murya na amsa-kuwwa, makirufo ya yi nisa da baki a ɗaki mai tayil da bango tsirara. Idan leɓe da magana ba sa tafiya tare, an sake ɗora muryar ne a situdiyo ba a daidaita ba. Idan shirun ɗaki na canza kala duk lokacin da aka yanka daga fuska zuwa fuska, ba a ɗauki sautin ɗakin shi kaɗai ba, na kamar minti ɗaya, wanda mai tacewa zai shimfiɗa a ƙarƙashi. Uku ɗin nan laifin mutane daban-daban ne, kada ka jibga wa jarumi.

A ɓangaren hoto, lura da mutum biyu masu hira. Akwai layin da ake ƙaddarawa tsakaninsu, kamara ba ta tsallaka shi; idan ta tsallaka, sai ka ga su biyun suna kallon gefe ɗaya kamar ba da juna suke magana ba. Lura da inuwa ma: sin ɗaya da aka fara ɗauka da hantsi aka ƙarasa da la'asar, inuwar za ta tona asiri. Sai kwantiniti, wato ɗankwali da ya sauya ɗauri ko kofin shayi da ya cika bayan an sha rabi. Amma kada ka mayar da sharhinka jerin irin waɗannan kurakurai. Ɗaya ko biyu sun isa, su ma idan sun ɓata labarin ne.

Waƙa kuma tambaya ɗaya ake yi mata: idan aka cire ta, labarin ya rasa wani abu? Idan bai rasa ba, ka faɗa, ka kuma faɗi mintunan da ta ci.

Wajen rubutawa, shafin mujalla mai hoto ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kalma 600 zuwa 800. A sama ka jera sunan fim, kamfani, furodusa, darakta, marubuci, manyan 'yan wasa, tsawonsa da shekara, kuma daga rubutun da ke jikin fim ɗin za ka kwafo su, ba daga fosta ko tirela ba, domin fosta takan ɗora fuskar da ba ta fi sin biyu ba. Ba da labari kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na rubutun, kuma ka tsaya kafin warwarar ƙulli. Babban ciwon masu farawa ke nan: su kwashe labari tun daga sallama har ɗaurin aure, sannan su rufe da "fim ɗin ya faɗakar". Wannan taƙaitawa ce, sharhin bai ma fara ba.

Malamin Jekadafari, Gombe

Hajiya, a ƙara da cewa Kael an san ta da ƙin kallon fim sau biyu, abin da ta ji a zama ɗaya shi take rubutawa. Sai dai ita ta riga ta tara kallo na shekaru masu yawa a kanta, kuma a zamaninta a sinima ake kallo, ba damar tsayarwa. Mai farawa da fim a wayarsa ba shi da uzurin ƙin bin shawararki.

Tsohon Edita, Tumfure, Gombe

Ɗan Wunti, abin da ba a faɗa maka ba tukuna shi ne ɓangaren ofis, nan ne kuma masu baiwa da yawa suke faɗuwa. Edita ba ya ba baƙo shafi saboda ya ce yana son fim. Rubuta sharhi uku cikakku, ɗaya na fim ɗin da ka yaba, ɗaya na wanda ka kushe, ɗaya na tsaka-tsaki, ka tura tare da gajeriyar wasiƙa. Na tsaka-tsakin shi edita zai fi karantawa, domin yawancin finafinai nan suke, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Rubutun ya zo da ƙa'idar Hausa: ɓ da ɗ da ƙ a wurarensu, rabewar kalmomi daidai. Editan da zai ɓata awa yana gyara maka ƙugiya ba zai sake nemanka ba.

Mujallar wata-wata tana rufe shafukanta makonni kafin ta isa hannun mai karatu, saboda tsara shafi, karatun gyara, ɗab'i da rabawa. Don haka sharhinta ba ya tsere da intanet a sauri, a zurfi yake cin riba. Wanda ya makara da kwana biyu kuma, talla ko hira za a sa a gurbinsa.

Sai batun kuɗi, wanda na fi damuwa da shi. Masu tallan da ke riƙe mujallar fim su ne furodusoshin da kake yi wa sharhi. Za a kira edita, za a kira ka, za a miƙo na goro ko kuɗin mota. Ranar da ka karɓa, shafinka ya zama talla, kuma masu karatu suna ganewa tun kafin bugu uku. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada ka yi sharhin fim ɗin da ka taɓa sikirif ɗinsa, ko na ɗan'uwanka, ko na wanda kake bi bashi ko yake bin ka. Ka gaya wa edita ya ba wani.

Ɓata suna kuwa yana da iyaka bayyananna. "Wasanta a sin ɗin asibiti bai gamsar ba" ra'ayi ne kan aikin da aka baje wa jama'a. "An ba ta rol ɗin ne saboda kaza" zargi ne, sai da shaida. Haka idan za ka ce an kwaikwayi fim ɗin Indiya, kawo sunansa da shekararsa da wurare biyu ko uku da suka yi daidai, ka kuma tabbata ka kalle shi da idonka. Ka bambance aikinka da na hukuma: akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993, akwai ta Jihar Kano tun 2001. Su ke da ikon hanawa ko ba da izini. Kai bayani kake yi wa mai kallo.

Ɗan Wunti, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To yanzu da kasuwa ta koma finafinai masu dogon zango a YouTube da Arewa24, kowane mako sabon kashi, yaya mai sharhin mujalla zai yi da su? Sannan maganar littafin tana nan.

'Yar Azare, Bauchi

Kada ka yanke hukunci da kashi ɗaya. Ka jira kashi huɗu ka yi sharhin farko, sannan ka yi babba idan zango ya ƙare. Ka buɗe wa kowane shiri shafi a littafin ajiyarka, kana rubuta kowane zaren labari da kashin da ya fara da wanda ya ƙare. Da wannan za ka kama zaren da aka yar a hanya, da kuma jan labari: mintunan da tuna baya da tallace-tallace suka ci a cikin kashin minti 50.

Mai Ɗab'i, Kobi, Bauchi

Yallaɓai, littafin tun ranar da aka buga sharhi na farko ake fara shi. Kowane bugu ka ajiye kwafi biyu, a kwance, cikin kwali a kan kanta, nesa da bango da ƙasa saboda gara da damshin damina. Kada a sa a leda, domin tana tara gumi, takarda ta manne. Ka riƙe rajista mai sunan mujalla, lambar fitowa, wata, shekara, shafi da sunan fim. Rubutun da ba shi da kwanan wata rabin darajarsa ta tafi, domin mai bincike ba zai iya kafa hujja da shi ba. Ka kuma ajiye asalin abin da ka tura wa edita, saboda sau da yawa ana datse sakin layi don talla ta samu wuri, a littafi kuwa kana iya mayar da shi.

Idan sai an ɗauko daga tsofaffin shafuka, a ɗauki hotonsu da na'urar sikana a kan 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto. Manhajojin da ke mayar da hoto rubutu sukan kasa gane ƙugiya, sai ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, "ƙasa" ta zama "kasa". Sake bugawa da hannu, mutum ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa, ya fi aminci. Wajen tsara shafi a zaɓi nau'in harafi mai ƙugiyoyin, a kuma kai wa maɗaba'a PDF da aka cusa harafin a ciki, in ba haka ba akwatuna ne za su fito a madadinsu.

Kada a zuba komai. Daga sharhi 120 na shekara goma, zaɓi 50 zuwa 60. Sharhi 60 mai kalma 700 kalma 42,000 ke nan, wanda zai ba ka shafi 140 zuwa 160 a girman A5. Ka sa jimillar shafuka ta rabu da 16, domin haka ake naɗe babbar takarda, ragowar kuwa kuɗinta za ka biya ko da fara ce. Jera su bisa shekara ya fi, mai karatu ya ga yadda masana'antar ta sauya daga kaset zuwa faifai zuwa waya. Inda ra'ayinka ya canza, kada ka gyara tsohon rubutu a ɓoye. Bar shi yadda yake, ka sa ɗan bayani a ƙasa da kwanan watan yau. A ƙarshen littafi ka yi jerin sunayen finafinai da na mutane bisa abacada tare da lambar shafi, domin ɗaliban jami'o'in Gadau da Kashere da Gombe masu rubuta kundi ta nan za su shiga.

Kafin ɗab'i ka karɓi izinin mujallar a rubuce, musamman idan albashi take biyanka lokacin da ka yi rubutun. Hotunan fim na masu fim ne, su ma sai da izini. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai lamba 13, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce mai wallafa ya kai musu kwafi uku.

Malamin Jekadafari, Gombe

Maganar rajistar nan ta Mai Ɗab'i ku riƙe ta da kyau. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Bauchinku, ya daɗe ba a ganinsa kafin a gano faifansa a gyara shi a nuna a birnin Balin na Jamus a 2018. Shi ya yi sa'a. Finafinan kaset da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990 da yawansu kaset ɗin ya ci kansa, abin da ya rage a kansu sai shafin mujalla. Shi ya sa jerin sunayen nan na saman sharhi, da 'Yar Azare ta ce a kwafo daga jikin fim, nake so a faɗaɗa shi: a sa har da mai ɗaukar hoto, mai tacewa, mai sauti da mawaƙan da aka ɗora muryarsu, ko da edita zai rage girman harafin.