Neman shawara: yaya zan dafa faten wake ba nama ba kifi, kuma ya yi daɗi?

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan dahuwar wake. Mahaifiyar maigidana tana zaune tare da mu, kuma likita ya same ta da hawan jini, ya ce a rage mata jan nama da kitse da gishiri, a kuma daina zuba mata dunƙulen ɗanɗano na kanti a miya. Kifi kuwa Inna ba ta taɓa son ƙarninsa ba, saboda haka ko busasshen kifin Lagdo da ya cika kasuwa ba shi da hanyar shiga tukunyarta. Abin da ya rage wanda take ci da marmari shi ne faten wake, amma tun da na cire masa nama da dunƙule sai ya koma salam. Takan ɗan taɓa kaɗan ta ture kwano, ta ce ta ƙoshi, alhali na san kara ce kawai take yi mini.

Bayan wannan, waken yana cinye mini gas kafin ya nuna, idan kuma na jefa masa kanwa don ya yi sauri, sai ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya canza. Duk daren da aka ci shi kuma, yara da manya suna kukan kumburin ciki. Ba na son in riƙa ɗora tukunya biyu, domin Inna za ta ga kamar an ware ta ne saboda lalurarta. Ina roƙon wanda ya san hanyar da zan yi girki ɗaya wanda kowa a gidan zai ci da daɗi ya taimaka mini.

Hajiya, daga Marwa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Abin da na fahimta daga bayaninki shi ne kina haɗa komai a tukunya ɗaya tun farko, kamar yadda ake yi idan akwai nama. Romon nama yana rufe kurakuran girki da yawa, amma da zarar an cire shi, dole albasa da daddawa su ɗauki aikinsa, kuma ba za su ɗauka ba idan an jefa su ɗanye cikin ruwa.

Ki auni farin wake gwangwanin madara 3, ki tsince, ki wanke, ki jiƙa shi awa 3 zuwa 4. A zafin Garwa na watan Maris da Afrilu kada ki bar shi ya kwana a ruwa, domin kafin gari ya waye ya fara kumfa da tsami. Ki zubar da ruwan jiƙon, ki ɗora shi da sabon ruwa wanda ya sha kansa, ki yanka rabin albasa a kai, kada ki ƙara komai. Musamman tumatir, ki riƙe shi a gefe, saboda tsaminsa yana hana wake laushi. Matan da suke zuba kayan miya tun waken yana da tauri su ne suke shafe awa biyu a bakin murhu suna zargin mai sayar da wake.

Yayin da yake dahuwa, ki ɗauko wata ƙaramar tukunya ki zuba man gyada cokalin cin abinci 4, ki yanka manyan albasa 3 siriri-siriri, ki soya a ƙaramar wuta. Nan ne girkin yake, kuma nan ne ake buƙatar haƙuri. Albasar za ta fara fitar da ruwa, ta yi laushi, ta ragu har ki ga kamar ba ita ce ta cika tukunya ɗazu ba, sannan gefenta ya fara ja, ƙanshinta ya juya daga yaji zuwa zaƙi. Ki riƙa juyawa har ta yi launin zuma, wanda zai ɗauke ki kusan minti 20, kada ki bari ta ƙone don za ta yi ɗaci. A lokacin ne za ki zuba dakakkiyar daddawa dunƙule 1 da tafarnuwa da citta da ɗan masoro, ki bari su soyu minti 2 a cikin man. Daddawar da ta soyu a mai warinta yana kwantawa, ta bar ɗanɗano mai zurfi wanda zai sa a manta ba nama a tukunyar. Idan kin samu daddawar batso, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa kuma take da yawa a kasuwanninmu na nan, ki haɗa ta da ta kalwa, amma kaɗan, don tana da ƙarfi. Sai ki zuba jajjagen tumatir 4 da tattasai 2 da attaruhu 1, ki soya har ruwan ya tsotse, mai ya taso sama.

Idan ƙwayar wake ta murƙushe tsakanin yatsunki ba tare da kin matsa da ƙarfi ba, ki juye soyayyen kayan a kai, ki sa yankakkiyar kabewa, ki rufe su ƙarasa tare. Ki ɗebi ludayi ɗaya na waken ki dame shi a jikin tukunya, shi zai ba faten kauri. Alayyahu ko zogale shi ne na ƙarshe, minti 5 kafin ki sauke. Game da kanwa kuwa, ni ina jiƙa 'yar ƙarama in tsiyaye ruwanta a kai, haka na gada daga mahaifiyata. Duhun da kike gani alama ce ta kin cika ta.

Malamar jinya, daga Ngaundare:

Hajiya ta gama magana a kan girki, kuma ba ni da abin ƙarawa a wajen albasa da daddawa. Amma da izininki, Hajiya, zan saɓa miki a kan kanwa, saboda mai cin abincin nan tana da hawan jini. Dalilin da ya sa likita ya hana gishiri da dunƙule shi ne sinadarin sodiyam da ke cikinsu, wanda yake riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Kanwa ita ma sodiyam ce, ko da ba a jin gishirinta sosai a harshe, kuma haka bakar hodar da wasu suke sawa a madadinta. Idan aka cire dunƙule aka mayar da kanwa, an fitar da abu ta ƙofa ne an shigo da shi ta taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafin ya haɗa da na burodi da na miya da duk abin da ya shiga baki. Kanwa tana kuma lalata wani ɓangare na bitamin B1 da ke cikin wake.

Ƙanwata, abin da zai cike miki giɓin gishiri shi ne lemon tsami. Ki matsa rabi a kwanon Inna bayan an zuba, ba a cikin tukunya ba, za ki ga ɗanɗanon ya tashi. Yana da wani amfanin kuma, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake. Shayi kuwa akasin haka yake yi, saboda haka a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci.

Kada ki ji tsoron cewa rashin nama zai raunana ta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, kuma abin da ya gaza a furotin ɗinsa yana cikin hatsi, don haka idan ana cin sa tare da shinkafa ko tuwon dawa ko na masara, ɗaya yana cike ɗaya. Kumburin ciki kuwa yana zuwa ne daga wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, sai sun isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke can su cinye su, su fitar da iska. Wani ɓangarensu yana narkewa a ruwa, shi ya sa zubar da ruwan jiƙo yake da amfani, kuma idan kin ƙara da zubar da ruwan tafasar farko ya fi. Cin kaɗan-kaɗan a kai a kai yana sa ciki ya saba. Abu ɗaya da za ki tambayi likita shi ne lafiyar ƙodarta, domin mai ciwon ƙoda ana iya taƙaita masa wake da ganye.

Hajiya, daga Marwa:

Malama, na ji bayaninki kuma na karɓa a kan mai hawan jini. Sai dai a gaya wa yarinyar nan abin da za ta yi da gas ɗinta, don kanwar nan ba kwalliya muke yi da ita ba, itace da gawayi take rage mana.

Wata yaya, daga Injamena:

Ni zan amsa wannan, Hajiya. Mu da ake kawo mana kanwa daga yankin Kanem da bakin Tafkin Chadi ba mu rasa ta ba, amma na daina sa ta a wake tun da na koyi naɗe tukunya. Ƙanwata, bayan kin jiƙa waken, ki bar shi ya tafasa sosai minti 20 a rufe, sannan ki sauke ba tare da kin ɗaga murfi ba, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo mai kauri, ki cusa ta cikin kwando ko kwali, ki bar ta awa 2 zuwa 3. Zafin da ya rage shi zai ƙarasa dahuwar. Idan kin buɗe za ki tarar tururi yana tashi, ƙwayoyin sun kumbura sun yi laushi ba su fashe ba, ruwan kuma bai ƙone ba. Abin da yake buƙata kawai shi ne ki fara da wuri, ki ɗora da hantsi idan na dare ne. Mai tukunyar matsin tururi kuwa, minti 15 ya ishe ta.

A girkinmu na nan, idan ɗanyen tumatir ya yi tsada muna amfani da garin busasshen tumatir irin wanda ake kawowa daga wajen Abeshe, kuma yana ba wake ɗanɗano mai kauri. Ina kuma dama markaɗaɗɗiyar gyada cokali 2 da ruwan ɗumi in zuba kusa da saukewa. Idan kin sa gyadar, ki rage mai zuwa cokali 2, tun da an ce a rage wa Inna maiƙo.

Wani malamin gona, daga Marwa:

Iyayenmu mata ku yi haƙuri in sa baki, ba a kan girki ba, a kan waken kansa. 'Yar'uwa, wani lokaci laifin ba na mai dahuwa ba ne. Waken da ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima yana taurarewa daga ciki, ko an jiƙa shi ba ya shan ruwa yadda ya kamata, shi ya sa wanda ake saye da damina ya fi cin wuta a kan sabon da ake girbewa a Oktoba da Nuwamba. Idan da hali, ki sayi na shekara a lokacin kaka, ki ajiye a inuwa cikin buhun nan mai ninki 3, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda yake toshe iska har ƙwarin wake su mutu ba tare da an sa magani ba. A nan Marwa aka faro aikin wannan dabara a ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken noma na Kamaru da na Jami'ar Purdue ta Amurka. Jarka mai tsabta da aka cika fal aka rufe gam ita ma tana yin wannan aiki. A kasuwa kuma ki shinshina waken kafin ki saya, wanda yake warin maganin ƙwari ki bar shi ko da ya fi araha.

Duk abin da aka faɗa a sama a kan wakenmu ne na arewa. Idan jan wake kika samu, irin na yammacin ƙasar nan da ake ci da fanke da safe, shi ya fi tauri, yana son jiƙo mai tsawo, kuma wajibi ne ya tafasa da ƙarfi aƙalla minti 10, domin yana ɗauke da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda tafasa ce kaɗai ke kashe shi.

Mai tambaya, daga Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku sani. Zan bar kanwa in gwada naɗe tukunyar. Sai dai Hajiya, daddawar da nake saye ina jin gishiri a jikinta, ko wannan ba zai dawo da mu inda muka fito ba? Kuma idan faten ya ragu, ana iya ajiye shi zuwa gobe?

Hajiya, daga Marwa:

Wasu masu daddawa suna zuba mata gishiri don ta daɗe ba ta lalace ba, 'yata. Ki ɗanɗana kafin ki saya, ko ki nemi mai yin ta a gida ki ce ta ware miki wadda ba a sa wa ba. Idan mai gishirin ce kawai ta samu, to ki lissafa ta a matsayin gishirin tukunyar, kada ki ƙara wani, duk wanda yake so a cikin yara ya barbaɗa a kwanonsa. Ragowar kuwa, wake ba ya jure zafi, musamman idan akwai gyada a ciki. Da zarar ya huce ki sa shi a firji, gobe ki ƙara ɗan ruwa ki tafasa shi sosai kafin a ci. Idan wutar lantarki ba ta tsayawa a unguwarku, ki dafa daidai cin yini ɗaya, gwangwani 2 maimakon 3.