Wai da gaske ruwan damina yana da lokacinsa?

Kawu na Kumo: Salam jama'a. Jiya a majalisa wani yaro ke cewa wai satilayit ya nuna ruwan daminarmu a nan jihar Gombe daga la'asar zuwa dare ya fi sauka. Ni dai ban yarda ba, abin da ke can saman gajimare ta ina zai san abin da ya jiƙa gonata?

Malamin jogirafi: Kawu wlh yaron bai yi ƙarya ba. Amurka da Japan sun harba wani mai suna TRMM a 1997 ya yi aiki har 2015, sannan GPM da aka harba a 2014 ya gaje shi. Rada ce a jiki, tana aika sigina cikin hadari ta bugi ɗigon ruwa ta dawo, kuma ba lokaci ɗaya yake ratsa wuri ba, wani karon da safe wani karon tsakar dare, da aka tara na shekaru sai tsarin ya fito. Rana ce ke gasa ƙasa tun hantsi, iska mai laima da ke zuwa daga tekun Atilantika ta yi sama, kafin la'asar hadari ya haɗu. A kan teku kuwa da asuba ya fi zuba.

Hajiya daga Dukku: To Malam marka fa? A Agusta sai a tashi da ruwa a wuni da shi, shanya ta ƙi bushewa, yara su kasa zuwa makaranta. Ina la'asar a nan?

Malamin jogirafi: Hajiya "ya fi" aka ce, ba "kullum" ba. Agusta ne tsakiyar daminarmu, laima ta cika sama, ko babu zafin rana sai ya sauko.

Ɗan Bajoga: Ni na dare na fi sani gsky, wanda ke zuwa da iska yana kwashe kwanon ɗaki.

Malamin jogirafi: Shi ma sun gano shi. Sau da yawa can gabas hadarin yake haɗuwa da la'asar, wajen duwatsun Mandara da tudun Biu, ya yi ta tafiya yamma sai dare ya iso mana. Ai iyayenmu ma gabas suke kallo in ana jiran ruwa.

Kawu na Kumo: Yauwa, kenan abin da muka sani ne aka kashe wa kuɗi. Kuma sau nawa ake shatata a Kumo, Pindiga ƙura ke tashi? Satilayit ɗin ya faɗa min ranar shuka mana.

Malamin jogirafi: Wannan kam ba zai iya ba Kawu, na yanki yake bayarwa ba na gona ɗaya ba, kuma a bazara yakan ga ruwa a sama alhali zafi ya shanye shi kafin ya taɓa ƙasa. Amma ni tun da na gane haka da sassafe nake feshi, maganin ya kama ganye kafin hadarin yamma.

Hajiya daga Dukku: Feshin safe kam mu ma shi muke yi. Malam turo mana hasashen hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, na bana mu ga me suka ce kan Dukku.

Kawu na Kumo: A turo. Ni dai sai na tona ƙasa na ga laima ta kai tsawon hannu zan zuba irina.