Yarjejeniyar Epstein ta 2007: me ya sa ba ta hana tuhumar 2019 ba?

Maikudi_B:
Assalamu alaikum. Masana shari'a, a taimaka. Masu gabatar da ƙara na tarayya a Florida sun yi wa attajirin Amurka Jeffrey Epstein alkawari a rubuce cewa ba za su gurfanar da shi ba. To ta yaya aka kama shi a 2019 kan safarar yara don lalata? Ba shari'a biyu kan laifi ɗaya ke nan ba?

Barista Rabi:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ba a taɓa yi masa shari'a a kotun tarayya ba, balle a ce sau biyu. Irin wannan yarjejeniya kwangila ce tsakanin ofishin mai gabatar da ƙara da wanda ake zargi. Ba a shigar da tuhuma, alƙali bai sa hannu ba.

An sa hannu a Satumba 2007, lokacin Alexander Acosta ne ke riƙe da ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya na Kudancin Florida. Sharaɗin shi ne Epstein ya amsa laifi a kotun jiha. Ya amsa laifi biyu a Yuni 2008, aka yanke masa wata 18, ya yi kimanin 13, ana barinsa ya fita aiki da rana. A auna da dokar tarayya kan safarar mutane don lalata, sashe na 1591: in yarinyar tana tsakanin shekara 14 da 17, mafi ƙarancin ɗauri shekara 10 ne, in ba ta kai 14 ba, ko an yi amfani da ƙarfi ko yaudara, shekara 15. Ana iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

Malam Sabo:
Ƙari kan bayanin Barista: tambayar ita ce wa takardar ta ɗaure. Kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da New York ta daɗe da yanke cewa alkawarin ofishi ɗaya bai ɗaure sauran ba, sai in an bayyana hakan ƙarara. Shi ya sa ofishin Manhattan ya shigar da tasa tuhumar a Yuli 2019. Epstein ya mutu a tsare a Agusta, kafin kotu ta gwada ko yarjejeniyar ta kare shi. Abokiyar hulɗarsa Ghislaine Maxwell ce ta gwada, ta dogara da sakin layin yarjejeniyar da ya kare abokan laifinsa. Kotu ta ƙi, aka yanke wa Maxwell ɗaurin shekara 20 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2024.

Barista Rabi:
Inda aka yi ɓarna, a ganina, shi ne ɓoye yarjejeniyar ga 'yan matan da ya cuta. Dokar 2004 ta ba waɗanda aka cuta haƙƙin a tuntuɓe su. A Fabrairu 2019 alƙali Kenneth Marra ya ce an karya ta. Amma a 2021 kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da Florida ta ce ba za su iya kai ƙara kan wannan haƙƙi ba tunda ba a shigar da tuhuma ba. Wato takardar da ta hana tuhumar ita ce ta rufe musu ƙofar kotu.

Maikudi_B:
Na gode. Shi Acosta fa?

Malam Sabo:
Ya ajiye muƙamin sakataren ƙwadago a Yuli 2019. Binciken cikin gida na ma'aikatar shari'a a 2020 ya ce ya yi rashin hangen nesa, amma bai karya ƙa'idar aiki ba.