Ku taya ni da kalma: "karkasa cigiya" ta yi?

Jama'a, ina fassara wani darasi kan injin nema, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira query classification, na tsaya cak.

Ga yadda abin yake. Ka buga "kura" a Google. Ta dawa kake nufi, ko garin Kura na Kano mai shinkafa, ko wadda 'yan ga-ruwa ke turawa? Kafin ya kawo maka komai, dole injin ya yi hasashen fannin da kalmar ta faɗa, babu hannun mutum a ciki. Ka ƙara "farashin buhu", nan take ya gane kasuwa ka dosa. Wahalar ita ce yawancinmu kalma biyu ko uku muke bugawa. A gasar masana nazarin bayanai da kwamfuta, wato KDD Cup, ta 2005 an ba masu takara irin waɗannan guntayen rubutu 800,000 su zuba cikin fannoni 67, kowane guntu yana iya shiga har biyar.

A fassarar query, "tambaya" ba ta kwanta mini ba. Wanda ya buga "Facebook" ai ba tambaya yake yi ba, ƙofa yake nema. Tun 2002 masanin kwamfuta Andrei Broder ya bambanta mai neman bayani da mai neman wani shafi da mai son saye ko sauke wani abu. Duk ukun "cigiya" ta ɗauke su. Ku tuna sanarwar rediyo: akuya ta ɓata, a faɗi kamanninta a taƙaice, a jira wanda ya gani.

Rabin na biyu, wato classification, shi ne ya ba ni ciwon kai. "Tantancewa" hukumar zaɓe ta INEC ta riga ta mallake ta, ga kuma ƙamshin amincewa ko ƙi. "Tacewa" sai an zubar da dusa, nan kuwa ba a zubar da komai. "Rarrabawa" kuma sai ka ji kamar kayan tallafi. Na tsaya kan "karkasawa", kamar yadda mai tumatir ke kasa kayansa kashi-kashi. Na san aibinta, tumatir guda ba ya zama a kashi biyu, "kura" kuwa tana zama a uku.

Don Allah kada a liƙa mata "kai tsaye" don a nuna babu hannun mutum, a bar wa masu sharhin ƙwallo. "Injin yana karkasa cigiya da kansa" ta wadatar.

Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku ma cigiya kuke cewa?