Neman kalma: me za mu kira "cak" da "wobulin" na injin sassaƙa?

1. 'Yan uwa masu aikin katako da masu nazarin harshe, ina neman shawararku a kan kalmomi biyu. Shagona yana kusa da Kasuwar Katako a nan Jos, ina da injin sassaƙa mai juyawa, irin wanda ake fitar da ƙafar tebur da akushi da shi. Ƙarfen da ke riƙe katakon a bakin injin muna ce masa "cak". Idan kuma bai juya daidai ba, yara su ce yana "wobulin", ko su ce yana rawa.

2. Ga abin da ya sa na damu. Watan jiya ina kan hanya yarona ya kira ni: "Oga, injin yana rawa." Na ɗauka boris ne ya mutu, na biya na sayo sabo. Da na iso na kwance cak ɗin, sai ga ɗan ɓarɓashin maɗaci, bai kai ƙwayar gero ba, ya manne a kafaɗar sandar injin, daidai inda bayan cak yake zama. Na ɗebe shi da farce, na goge zaren sandar, wato tsagin da ake murɗa cak a kansa, da tsohon buroshin haƙori, na mayar. Shi ke nan, injin ya miƙe. Yaron bai yi ƙarya ba. Kalma ɗaya muke da ita ga cuta uku, shi ya sa na sayo maganin da ba shi ba ne.

3. Cuta ta farko: katako ya fi nauyi ta gefe ɗaya, injin duka yana kaɗawa har ƙasa, kuma abin yana ƙaruwa idan ka ƙara gudu. Wannan girgiza ce, sunanta ya zauna. Ta biyu: ka kashe injin, ka kama sandar da hannu, ka ji tana motsi sama da ƙasa. Makanikai sun riga sun raɗa mata suna, boris yana wasa. Mu bar musu.

4. Ta uku ce ba ta da suna. Babu abin da ya saki, babu nauyin gefe, amma ko da hannu ka juya a hankali za ka ga ƙarfen ya matso ya koma, ya matso ya koma, sau ɗaya a kowane zagaye, kuma kullum a wuri guda. Ɗora alli kusa da shi ka juya, gefe ɗaya kawai zai shafa. Mai agogon awo, wanda allurarsa ke nuna 0.01 na milimita, zai ga abin da lamba: idan tsakiya ta kauce da 0.1, allura za ta yi lilon 0.2. Kuma ɗan karkacen da ke gindi, kafin ya kai bakin akushi ya girma. Ka juya akushin don ka raraƙe cikinsa, sai ka tarar gefe guda da kauri, gefe guda kamar takarda.

5. Wani ya ba ni shawarar "layi", wani ya ce "tangaɗi". Na gode, amma mai tangaɗi ba a san inda zai faɗa ba, yanzu dama anjima hagu. Wannan kuwa ba ya saɓa lokaci. "Karkata" ta yi kusa, sai dai abin da ke tsaye ma yana karkata, ba ta nuna juyi.

6. Wani dattijo masassaƙin turmi da ke zama a bakin shagona ya kalli allin nan yana taɓawa yana saki, ya ce: "Ɗana, ai ɗingishi yake yi." Tun ranar kalmar ba ta bar kaina ba. Mai ɗingishi ƙafa ɗaya ce ke ba shi matsala, kuma duk taku biyu sai ta nuna. Haka ƙarfen nan yake. Ta kuma shiga baki ba tare da tilas ba: ɗingishin sanda, ɗingishin haƙoran cak masu damƙe katako, ɗingishin katako. Kowanne ya gaya maka inda za ka duba.

7. Dubawar ma bi da bi ce, daga ciki zuwa waje. Cire komai ka gwada sandar ita kaɗai. Idan lafiya take, share zare da kafaɗa. Duba ɗan ƙarfen da ke haɗa zare biyu da ba su dace ba, misali sanda mai zaren milimita 33 (M33) da cak mai zaren inci 1, ko ya zauna har ƙarshe. Sannan haƙora huɗun nan: suna da lamba 1 zuwa 4, kowanne da gurbinsa, yaro ya wanke ya musanya biyu, ɗingishi ya samu. Kada ka yanke hukunci da jikin cak na waje, damƙa miƙaƙƙen ƙarfe a haƙoran ka auna a kansa. Sau da yawa ma laifin namu ne: mun yanka gindin katakon ya yi tsawo har ya taɓa ƙasan cak, alhali kafaɗarsa ce ya kamata ta kwanta a kan haƙoran. Ga kuma hunturun Jos, ɗanyen katako ya kwana biyu ya bushe, da'irar gindinsa ta koma siffar ƙwai.

8. Shi kuma cak, ina ganin "madamƙi" ya dace, daga damƙa, kamar yadda mabuɗi ya fito daga buɗe. An ce mini "mariƙi", amma mariƙi ai na hannun mutum ne, kamar na ƙofa ko na bokiti. Na san "cak" gajere ne, ba zai fita daga bakin masu sayar da kayan inji ba, ban kuma damu ba idan suka zauna tare.

9. A shagona dai tun makon jiya haka muke faɗa, madamƙi yana ɗingishi, kuma yaran sun kama. Masu irin wannan injin a Kano da Zariya da Dei-Dei, idan kuna da wata kalma da kuka gada daga iyayen gidanku, ku faɗa mini, zan bar tawa in ɗauki taku.