Yadda kwamfuta za ta yi kwafin ajiya da kanta idan aka jona faifan waje

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki da Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, kuma na rubuta ɗan jerin umarni na rsync (manhajar kwafin fayiloli) da ke kwashe fayilolina zuwa faifan waje. Na sa udev, sashen Linux da ke lura da na'urorin da aka jona, ya tayar da shi da zarar na jona faifan, amma kullum aikin yana tsayawa a tsakiya. A ina na yi kuskure?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ba a gina udev don dogon aiki ba, shi ya sa yake kashe duk abin da ya daɗe yana gudana ƙarƙashinsa. Ka mayar da aikin kwafin ya zama hidimar systemd (sashen da ke kula da ayyukan da ke gudana a bayan fage), ka bar wa udev aikin tayar da hidimar kawai. Sannan ka gane faifan da lambarsa ta shaida, wato UUID, wadda umarnin blkid zai nuna maka, domin sunan da kwamfuta ke ba faifan, kamar /dev/sdb, yana iya canzawa daga jonawa zuwa jonawa.

Amsa ta biyu: Ɗan'uwa, ina roƙonka ka sa umarnin mountpoint ya tabbatar faifan ya hau, wato ya haɗu da kwamfutar yadda za a iya rubutu a cikinsa, kafin rsync ya fara. Ni na taɓa yin sakaci da wannan, sai kwafin ya zube cikin faifan kwamfutar har ya cika shi, ina zaune ina zaton hotunan iyalina suna can a ajiye. Batun cire faifan kuwa, da ka zare wayar da ta jona shi babu sauran abin da za a iya rubutawa, don haka ka sa sync (mai ƙarasa rubutawa cikin faifan) da umount (mai sauke shi) a ƙarshen umarnin, ka jira su gama.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gwada systemd ɗin, kwafin ya kammala.